Ƙanƙarar Bayan Sallah

Duk layinmu a Malali an san ni da yawo. Aikin gwamnati ne ya ja mini, yau kwas, gobe taro, har limaminmu yakan ce in ya gan ni a sahu Juma'a biyu a jere sai ya aika a tambayo ko fasfo ne ya ɓata. Na ga teku, na ga hamada, na ci abincin da har yau ban san sunansa ba, ban kuma so a gaya mini. Amma cikin labaran da nake dawowa da su, guda ɗaya ne yarana ba su gajiya da shi, na ranar da Turawa suka ɗaura mini katako a ƙafa.

Ina ƙaramin ma'aikaci lokacin, aka tura mu kwas wata ƙasar Turai a tsakiyar sanyi. Wata Asabar malamanmu suka kwashe mu a mota zuwa kan dutse, wai mu ga yadda suke hutawa. Ko'ina fari fat, dusar ƙanƙara har gwiwa. Suka ɗaura mini wasu dogayen katakai biyu a ƙafa, suka ba ni sanduna biyu, suka nuna mini gangara. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya. Wata tsohuwa da ta isa haihuwata ta zo ta ɗaga ni kamar buhun gero, ta kakkaɓe ni, ta wuce abinta. A nan yara suke tuntsirewa da dariya, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Ba su cika tsayawa jin ƙarshen ba. Can wajen yamma, sau ɗaya tak, ƙafafun suka yarda da ni. Na miƙe, gangarar ta ɗauke ni, ba ƙara ba jijjiga, sai wani shuu a ƙarƙashina da iska a kunne. Ban yi nisa ba na sake kifewa. Amma irin abin da na ji a wannan ɗan lokacin, ban sake jin sa ba, ko a jirgin sama.

Autarmu ce kaɗai take zama har wannan wurin. Tana 'yar aji ɗaya a firamare, wata rana na dawo daga ofis na tarar ta buɗe firiza, ta kankare ƙanƙarar jikinta da cokali, ta tara a faranti ta zube a baranda. Ta zura silifas ɗina, muciya a hannun dama, sandar tsintsiya a hagu. Kafin ta gama daidaita ƙafa rana ta shanye abinta, sai ruwa ke bin siminti. Ta zauna cikin ruwan tana kuka. Na ɗauke ta na ce, "Yi shiru, Auta. Kafin in kai ki ɗakin miji sai na kai ki kin taka ta gaske, ni da ke."

Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, alkawari dai kaya ne. Kuma a dawo mini da muciyata."

To, an san yadda shekaru suke yi wa mutum. Bana a ce makaranta, baɗi a ce hutu bai zo daidai da sanyi ba, wata shekarar ni ne ba na ƙasar. Yayyenta suka watse, kowa da iyalinsa. Ni kuwa ban sauke kayan ba. Duk lokacin da aka nuno ƙanƙara a talabijin sai in ce, "Auta, ga wurinmu can." Ita kuma ta ce, "Saura mu, Baba." Haka muka yi ta yi har ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta kawo wani yaro mai natsuwa ɗan Badarawa. Manyansa suka zo, aka sa rana bayan babbar Sallah. Ranar da ake raba goro, mutane na yi mini barka, ni sanyi nake ƙirgawa. Saura guda.

Ina da ƙane a Turkiyya. Shi ne autan gidanmu, a hannuna ya tashi bayan rasuwar mahaifinmu, a gidan nan ya yi sakandare. Yanzu yana can yana aiko wa 'yan kasuwarmu kaya, da matarsa da 'ya'yansa, har da furfura a gemu, amma in na kira shi a waya ina jin lokacin da yake miƙewa tsaye. Bai taɓa ce mini a'a ba. Ko wuta ya ga zan taka, sai dai ya zagaya ya gaya wa matata Hajiya, ita ta gaya mini. Garin da yake zaune ba shi da nisa da Istanbul, kuma a bayan garin akwai wani babban dutse inda ake wannan wasan zamiya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Mu uku za mu je, ni da Hajiya da Auta, mu yi kwanakinmu a kan dutse, in mun sauko in bar musu ɗan abin da ya rage su leƙa kasuwa su taɓa kayan ɗaki. Tafiya irin wannan, ta mutum uku, ga wanda ke hango ritaya, ba a yin ta sau biyu. Dukanmu mun san haka.

Janairu na so. Biza ta ƙi fitowa sai da Fabrairu ya yi nisa, ga azumi ya ƙarato. Hajiya ta ce ita ba za ta yi azumi a ƙasar da ba a san kunun tsamiya ba, ni ma ban so barin tafsirin masallacinmu. Aka tsayar da bayan ƙaramar Sallah, wato farkon Afrilu. Nan hankalina ya fara tashi. Ƙanƙara ma tana da lokacinta kamar damina, kuma Afrilu bakin ƙarshenta ne. Wata shekarar takan jira ka, wata shekarar rana ta riga ka zuwa.

Ranar azumin farko, muna shan ruwa, na faɗi maganar da ta ja komai. Na ce, "Ku ji da kyau. In ƙanƙara ta narke, babu tafiya. Sai mu bari sai Disamba, mu roƙi ango ya ba mu aron matarsa. Kayan ɗaki kuwa, ga kasuwa nan, ga Kano. Labule dai labule ne."

Rabi wasa na yi, rabi gaske. Hajiya ta ci gaba da juya kununta. Auta ta ce, "Allah ya sa ta jira mu, Baba." Na ce amin. Na ga sun ɗan kalli juna, na ɗauka gishirin ƙosan ne ya yi yawa.

Wayata tana da hasashen yanayi, amma wayar da ta sha ce mini za a yi ruwa a Kaduna ranar da ko gajimare babu, ba zan ɗora mata tafiyar iyali ba. Na fi yarda da mai ido. Saboda haka duk Juma'a bayan an sauko sai in kira ƙanen nan nawa.

"Ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi, Yaya."

"Ƙanƙarar fa?"

"Akwai, Yaya. Akwai ta a sama."

"Za ta kai bayan Sallah?"

"In Allah ya yarda."

"To turo mini hoto in gani."

"Zan tura wa Auta, Yaya. Wayarta ta fi fito da shi."

Wannan gaskiya ne, tawa gilashinta ya tsage tun wata tafiya. Da yamma sai Auta ta zo ta zauna a hannun kujerata ta nuna mini. Ga dutse fari tas, ga bishiyoyi sun sunkuya da nauyi, ga mutane ƙanana kamar tururuwa suna gangarowa. In ja hoton da yatsu in ce, "Kin ga wancan gefen? Can za mu fara, ya fi kwanciya. Kada ki kalli ƙafarki, inda za ki za ki kalla." Ta ce, "To, Baba." Takan bar mini wayar har in gaji.

Da haka na shiga shiri gadan-gadan. Cikin zafin Maris, da azumi a bakina, na tafi Kasuwar Barci neman rigunan sanyi. Mai gwanjon da na tsaya wurinsa ya dube ni ya dubi rana ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko? Ko zazzaɓi ne?" Na ce tafiya ce. Ya tura yaronsa ya jawo wata dila daga can ƙuryar shago, wadda suka riga suka ɗaure sai baɗi. Na gwada wata baƙa mai kauri kamar katifa, na ja zif har wuya. Kafin in cire, maƙwabtan shago sun taru suna ba da shawara, wani na cewa a kawo mini fanka, wani na cewa ai wannan azumin lada biyu ne. Na zaɓar wa Hajiya ruwan toka, don ta ce kada in kuskura in kawo mata mai kalar 'yan makaranta. Ta Auta kuwa na daɗe ina tono kafin na same ta, ja, mai hula da gashi-gashi a baki, kamar ba a taɓa sawa ba. Na ce ja ta fi, ko ta yi nisa a cikin farin nan zan hango ta. Na haɗa da safar hannu da hulunan sanyi.

Da na kawo, Auta ta sa, ta juya a gaban madubi, ta ce, "Kai, Baba, ka iya zaɓe." Ta cire da sauri saboda zafi.

Sai gwiwa. Na tuna abin da ya fi ba ni wuya a wancan karon cinya ce da gwiwa, don haka kullum da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, nakan jingina bayana da bangon baranda in durƙusa kamar mai zama a kujerar da babu. Hajiya in ta fito shanya sai ta tsaya.

"Alhaji, kujerar ce aka sace ko basir ne?"

"Motsa jiki nake."

"To ka motsa a hankali. Ni ba zan iya ɗaga ka ba, kuma tsohuwar nan ta Turai ta daɗe da mutuwa."

Wajen tsakiyar azumi aka turo hoton da ya hana ni sukuni. A wannan karon ƙanen nawa ne da kansa a ciki, tsaye a kan dutse, ƙanƙara har ƙwauri, rana tsaka tana haska masa fuska, yana murmushi. A hannunsa kuma ga ɗan kofin gilashin nan nasu mai siririn ƙugu, cike da jan shayi, har tururi ana gani.

Na miƙa wa Auta wayarta. Na shiga ɗaki na zauna. Yaron da ni na koya masa alwala. Yaron da yake rigima in ba a tashe shi sahur ba tun bai isa azumi ba. Na yi ta juya abin. Na ce ko zama cikin wasu mutane ne ya sa ya fara sakaci, na ce a'a, ai su ma can Musulmi ne. Na ce ko hawan dutsen ya ɗauka a matsayin tafiya. Duk hanyar da zan bi in wanke shi na bi. Hanya ɗaya ce ba ta zo mini ba ko kusa, ita ce kuma a gaban hancina.

Ban jira Juma'a ba, na kira shi.

"Kana lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Na ga hoto."

"To, Yaya."

"Na ga shayi."

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Ina jin numfashinsa. Yanzu na san abin da yake aunawa a wannan shirun, ko ya ce wa yayansa ya yi masa ƙarya, ko ya yarda a ɗauke shi mai shan azumi. Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Olsa ce, Yaya. Likita ya ce in ɗan dakata."

Tausayi ya kama ni. Na yi masa faɗan me ya sa bai faɗa ba, na ce ya bar yaji, ya bar shayi ba abinci a ciki, ya lura da kwanakin da ya sha don ramuwa. Ya yi ta cewa to, Yaya. Bayan la'asar na ja liman gefe na tambaye shi hukuncin wani ɗan'uwa da ciwon ciki ya hana azumi, na ce a sa shi a addu'a. Na kuma sa aka nemo mini zuma mai kyau, ta saƙa, na naɗe kwalbar da tsohuwar jarida na ajiye cikin jakata. Da na gaya wa Hajiya, sai ta ce, "Allah sarki," ta tashi ta shiga kicin, ko da yake ba abin da ke kan wuta.

Aka yi Sallah lafiya. Washegari da hantsi aka fito da akwatuna falo, don kashegari za mu kama jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga can mu tashi. Awon kaya aikina ne a gidan nan. Ina da wani ɗan sikeli mai ƙugiya da na daɗe ina yawo da shi, ba na yarda a tsayar da ni a filin jirgi ana buɗe mini kaya a gaban jama'a. Na fara da babban akwatin Auta. Na gyara tsayuwa, na tattara ƙarfi, na ɗaga. Sai ya taso sama kamar kwali, har na kusa faɗuwa baya.

Na kwantar da shi na zuge. A ciki akwai wani akwatin. Na zuge wannan, akwai wani. A cikin na ukun, ƙaramin, aka jera 'yan dogayen riguna, da mayafai, da takalmi mara tsini, da tef ɗin awo irin na tela. Na buɗe na Hajiya, shi ma haka.

Na san wannan shirin. Na sha zama kusa da masu shi a jirgi. 'Yan sari ne suke tafiya haka, akwati cikin akwati, su je da iska su dawo da kaya. Mai zuwa ƙasar sanyi ba ya tafiya haka, rigar sanyi ɗaya ma rabin akwati take ci.

Na leƙa sito. Rigunan sanyin suna can a kan buhun shinkafa, cikin ledar da na kawo su, ruwan tokar a ƙasa, jar a sama.

Na dawo falo na zauna, na sa aka kira su. Hajiya ta shigo tana goge hannu, ta ga akwatuna a buɗe, ta nemi wuri ta zauna. Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Za a saka su, Alhaji," in ji Hajiya. "Ba a gama shiri ba."

"A ina za a saka?"

Suka dubi juna.

Na ce, "Yaushe ta narke?"

Hajiya ta dubi tafin hannunta. "Tun farkon azumi. Ya ce ruwan sama aka yi mai ɗumi, ya wanke ta. Sun rufe wurin wasan, sai baɗi."

"Hotunan fa?"

"Na Janairu ne."

Sai a lokacin shayin ya faɗo mini. Na ce, "Wato ba shi da olsa."

Hajiya ta toshe baki da gefen mayafi. Ban sani ba ko dariya ce ko kunya, ina jin duka biyun ne. Ni ban yi dariya ba. Na dube ta sosai, don a raina na riga na yanke cewa aikinta ne. Shekara da shekaru muna tare, na san yadda take zagaye ni in tana son abu, kuma yawanci nakan bar ta ta zagaye ni, don hanyarta takan fi tawa. Da ita ce, da na yi fushin yini ɗaya na huce.

Ta gane kallon. Ta ce, "A'a, Alhaji, kada ka dube ni. Ɗan'uwanka ya kira ni tun ranar da ta narke, ya ce shi bakinsa ba zai iya ba, ni in gaya maka. Na ce to, bari a sha ruwa. Da aka sha ruwa na ga kana ta murna da hotunan farko, na ce bari gobe."

"Ni ce, Baba," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Ni na ce a bari. Ni na ce wa Baffa ya riƙa turo tsofaffin."

Na juya na dube ta. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma yi tsiwa ba. Magana take yi a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya bayanin magani.

"Kai ka ce in babu ƙanƙara babu tafiya. Kuma in ka faɗi magana ba ka janyewa. Kayan nan kafin biki ake buƙatar su, Baba. A Disamba ina gidan wani."

"Alkawarin fa?"

"Baba, ina 'yar firamare fa lokacin."

"Saura mu ɗin da kike cewa?"

Ta ce, "Na ga kana jin daɗi in na faɗa."

Na sha jin maganganu a rayuwata. An taɓa tsallake ni a ƙarin girma aka ba wanda na koya wa aiki, na je na yi masa murna har gida. Amma ban taɓa jin abin da ya zauna mini a ƙirji kamar wannan 'yar maganar ba, ga shi kuma da ladabi aka faɗe ta. Ashe duk shekarun nan ni kaɗai nake ɗauke da kayan. Ita tuni ta sauke, tana tafiya a gefena ne kawai tana yi mini sannu. Na tuna yadda take bar mini waya ina jan hoton Janairu da yatsu, ina nuna mata inda za mu fara.

Kara muke kiran wannan, kuma abin yabo ne a wurinmu. Ƙane ba ya kawo wa wa mummunan labari, mata takan jira a sha ruwa, 'ya ba ta ce wa uba abin da yake so ya daina damun ta. Kowannensu ya yi mini kara, suka haɗu suka bar ni ina zaman kujerar da babu a baranda wata guda cur, maƙwabta na wucewa suna gaishe ni.

Hajiya ta ce, "To yanzu ya za a yi?"

Na ce, "A rufe akwatuna. Jirgi ba ya jira."

Me zan ce? Kayan ɗaki haƙƙin uba ne, ga tikiti a hannu. Na ɗauki sikelina na mayar cikin jaka, don ba abin da za a auna.

Ƙanen nawa ya tarye mu a filin jirgi. Tun daga nesa na ga an riga an gaya masa, don ya rasa inda zai sa idonsa. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane ya gaishe ni. Na buɗe jaka na ciro kwalbar zuma cikin jaridarta na miƙa masa. Na ce, "Ga shi. Cokali ɗaya da safe, kafin a ci komai. Liman ma yana gaishe ka, ya ce ya jiki." Ya karɓa da hannu biyu. Har muka isa gida idonsa na kan titi, ni ma ban taimake shi ba.

Kwanakin nan a kasuwa suka ƙare. Na bi su rana ta farko da ta biyu, ina riƙe jaka, ana tambayata tsakanin ruwan zuma da ruwan madara wanne ya fi, in na zaɓa a ɗauki ɗayan. Daga nan na ce su riƙa tafiya, ni zan zauna a gida. Tagar falon ƙanena tana kallon dutsen. Ƙasansa kore shar, tsakiyarsa ja-ja, can ƙololuwa kuma wasu 'yan zane-zanen fari, kamar an zubar da nono a ƙasa an share da tsintsiya. Ƙanena da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, akwai ta a sama.

Ranar da za mu baro, da safe, akwatuna shida sun cika sun tsaya a jere a bakin ƙofa. Auta ta kawo mini shayi a irin ɗan kofin nan. Ta riga ta yi shirin fita, jaka a kafaɗa, waya a hannu, don mai labule ya ce su zo su karɓi sauran kafin azahar.

Ta tsaya a gefena ta dubi tagar. Ta ce, "Baba, Baffa ya ce motar igiyar da ke kai mutane sama tana aiki. Mu hau mana, ko hoto mu yi. Ya ce akwai 'yar saura a inuwa."

Na dubi wayar da ke hannunta tana haske tana mutuwa. Na ce, "Gwiwar nan ce ta tashi, Auta. Ku je ku ƙarasa abinku."

Gwiwata kuwa rabon da ta yi ƙarfi irin na ranar tun ina saurayi. Bangon baranda ya yi aikinsa.

Ta ce, "Ayya, sannu, Baba. In taho maka da man zafi?"

Na ce ta taho da shi. Kafin in kai kofin baki na ji ƙarar takalminta a matakala. Ban sani ba ko ta yarda ne, ko ita ma kara ta sake yi mini. 'Yar gida ce, ta iya.

An yi biki lafiya. Mata suka je jere suka dawo suna ta santin labule, wai ba a taɓa ganin irinsa a Badarawa ba. Rigunan sanyin, da sanyi ya shigo Hajiya ta bayar da tata da tawa. Ta ɗauko jar ta ce akwai 'yar maƙwabta da za ta yi wa daidai, na ce a bar ta tukuna. Tana saman kabad ɗina cikin ledarta.

A Disambar nan Auta ta zo yini, mijinta ya sauke ta ya wuce aiki. Muna zaune a falo bayan azahar, ana labaran duniya, sai aka nuno wani gari da ƙanƙara ta rufe, motoci sun nutse, yara na jan juna a kan faranti. Na ji ta gyara zama. Ta dube ni, ta buɗe baki.

Na ce, "Ya labulen, bai koɗe ba?"

Ta ce, "Bai koɗe ba, Baba."

Na ce madalla.